Yadda Za Ka Zaɓi Furosesa Mai Araha, Ko Ka Gane Ba Ita Ce Ciwon Kwamfutarka Ba

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran kwamfuta ya san wannan maganar: "Malam, kwamfutata ta yi nauyi, a sa mini i7." Mai maganar ya riga ya yanke hukunci tun daga gida. Kuɗinsa na aljihu, abin da yake jira kawai a ce masa nawa ne. A mafi yawan lokuta kuma, idan aka buɗe aka duba, furosesar nan tana zaune lafiyarta ƙalau, ko rabin ƙarfinta ba a taɓa ba. Wani abu ne daban ya shaƙe kwamfutar.

Kafin mu yi nisa, a nan ƙasar mun saba kiran akwatin kwamfutar tebur gaba ɗayansa da "sifiyu". Ba shi nake nufi ba. Furosesa wani ɗan falle ne mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannun yaro ba, yana kwance a kan madabod, wato babban fallen da komai na cikin akwatin ke jone da shi, ƙarƙashin fanka. Ita ke yin lissafin duk abin da ka umarci kwamfuta. Kamfanoni biyu ne ke da kasuwarta a kwamfutocin tebur, Intel da AMD, dukansu na Amurka.

Mataki na farko: kama ɓarawon da hannu a cikin tukunya

Kunna kwamfutar, ka buɗe ainihin aikin da take yi maka nauyi a kai. Idan CorelDRAW ne, buɗe babban fayil ɗin da ke sa ta kakare. Idan Chrome ne da shafuka ashirin, buɗe su duka. Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ka shiga sashen Performance. Za ka ga CPU (furosesa), Memory (RAM, inda kwamfuta ke riƙe aikin da ke buɗe), Disk (ma'ajiyar fayiloli), da GPU (sashen hoto), kowanne da kasonsa cikin ɗari. Ka bar shi a buɗe kana aikinka, kana satar kallonsa lokacin da kwamfutar ta tsaya tana tunani.

Idan Disk ne ke maƙale a 100 alhali CPU na yawo a 20 ko 30, to ka mayar da kuɗin furosesa aljihu. Had-dis ɗinka irin mai faifai ne mai juyawa, shi ne ke jan ƙafa. SSD za ka saya, wato ma'ajiyar fayiloli marar faifai mai juyawa. Mai mahaɗin SATA, wanda ke shiga kusan kowace tsohuwar kwamfuta, yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, tsohon had-dis kuwa da ƙyar yake wuce 150, kuma wajen tsintar ƙananan fayiloli, wanda shi ne yawancin aikin Windows, tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Kwamfutar da ke cin minti biyu kafin ta tashi sai ka ga ta tashi kafin ka gyara zama. A duk gyare-gyaren da na sani, babu wanda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu kamar wannan.

Idan Memory ne ya haura 85 ko 90, RAM ne ya yi kaɗan. Gigabait 4 ya zama tarihi, 8 na rufin asiri ne, 16 shi ne kwanciyar hankali ga mai zane ko tace bidiyo.

Akwai kuma ciwo na uku da ba ya fitowa a wannan allon kai tsaye, wato zafi. Furosesa idan ta ɗau zafi sosai, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sauke HWMonitor ko HWiNFO, kyauta ne, ka duba ma'aunin zafinta tana kan aiki. In ka ga tana haura digiri 90, buɗe akwatin. Wanda ya yi hunturu biyu ko uku a Kano ko Sakkwato bai taɓa busa kwamfutarsa ba zai tarar da ƙura ta yi dandali a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, kamar an shimfiɗa bargo. A busa, a goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, a sa sabo. Na sha ganin kwamfutar da aka kawo don canjin furosesa ta koma gida da wannan kaɗai.

Sai fa idan CPU ne da kansa ke manne a 90 zuwa 100, SSD na ciki, RAM ya wadata, zafi bai yi yawa ba. A nan ne maganar canjin furosesa ta taso.

Mataki na biyu: san abin da kake da shi

Sauke CPU-Z. Shafin farko zai ba ka cikakken sunan furosesa da irin soket ɗinta, wato mazauninta a kan madabod, shafin Mainboard zai ba ka sunan madabod da lambar BIOS, ƙaramar manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta, shafin Memory zai gaya maka irin RAM ɗinka, DDR3 ne ko DDR4. Rubuta su a takarda ko ka ɗauki hoto da waya.

Yanzu ka koyi karanta sunan, domin a nan ake yi wa mutane sakiyar da babu ruwa. A furosesocin Intel, kalmar i3, i5 ko i7 matsayi kawai take nunawa a cikin zubi ɗaya. Lambar da ke biye ita ke gaya maka zubin. A i5-3470, lamba 3 na nufin zubi na uku, na shekarar 2012. A i5-8500, zubi na takwas. A i3-12100, zubi na goma sha biyu, na 2022. Mai kaya a kasuwa zai buga ƙirji ya ce "i7 ce fa, Alhaji!" Ka tambaye shi, i7 nawa? Idan i7-3770 ce ko i7-4790, to kayan 2012 da 2014 ne. Kowaccensu na da kor huɗu da layin aiki takwas, wato ayyuka takwas a lokaci guda, daidai da i3-12100, amma wannan i3 ɗin ta yi musu fintinkau a kowane aiki, kuma ta fi su ƙarancin shan wuta. Kor kamar ma'aikaci ne a cikin furosesa. Yawan ma'aikata na da amfani, amma ma'aikacin bana ya fi na shekaru goma baya zafin nama.

Haruffan ƙarshe ma magana suke yi. A Intel, F na nufin babu sashen nuna hoto a ciki, dole sai da katin hoto daban, in ba haka ba allo ba zai kawo komai ba. T mai ƙarancin shan wuta ce, irin ta ƙananan kwamfutocin ofis. K ta masu ƙara wa furosesa gudu ce, mai neman araha ba ruwansa da ita. A Ryzen, furosesar AMD, ta soket AM4 abin juye yake: mai G a ƙarshe ita ke da sashen hoto, irin su 3200G da 5600G, saura kuwa kamar 3600, 5500 da 5600 ba su da shi.

Mataki na uku: soket ne ke da ta cewa

Ba kowace furosesa ke zama a kowane madabod ba. Intel na yawan canza soket, kusan duk bayan zubi biyu. Zubi na 2 da na 3 suna kan LGA 1155, na 4 yana kan LGA 1150, dukansu da DDR3. Zubi na 6 da na 7 suna kan LGA 1151. Na 8 da na 9 ma sunan soket ɗinsu LGA 1151, girman ɗaya, furosesar za ta zauna daram, amma ba za ta tashi a madabod ɗin zubi na 6 ko na 7 ba. Wannan tarkon ya ci kuɗin mutane da yawa, ni ma ya taɓa cin nawa, na sayi i5-8400 daga hannun wani da ya rantse mini cewa "1151 ai 1151 ce". Zubi na 10 da na 11 suna kan LGA 1200, sannan na 12, 13 da 14 suna kan LGA 1700.

AMD ta fi tausayin aljihu a nan. Soket AM4 ya ɗauki Ryzen tun daga na farko a 2017 har zuwa jerin 5000. Wanda ke da madabod B450, kai har da yawancin A320 da B350, yana iya cire tsohuwar Ryzen ya sa Ryzen 5 5600 bayan sabunta BIOS, ba tare da ya taɓa RAM ko wani abu ba. Idan kana cikin waɗannan, ka yi dace, shi ne canjin furosesa mafi riba da ake da shi yanzu. Amma kada ka ɗauki maganata hujja. Shiga shafin kamfanin madabod ɗinka, ko ASUS ne, ko Gigabyte, MSI ko ASRock, ka nemi jerin furosesocin da yake ɗauka da lambar BIOS ɗin da kowacce ke buƙata. Abin da ba ya cikin jerin nan, kada ka saya. Akwai ma abin mamaki a nan: madabod B550 da A520, duk da sun fi sabunta, AMD ba ta lissafa 3200G da 3400G cikin waɗanda suke ɗauka ba.

Yawancinmu dai ba kwamfutar da aka harhaɗa muke da ita ba. Tsofaffin na ofisoshin Turai da Amurka ne da ake shigo da su, Dell OptiPlex, HP ProDesk da EliteDesk, Lenovo ThinkCentre, waɗanda suka cika shagunan titin Beirut a Kano da Computer Village a Ikeja. Suna da ƙarko, amma ƙofarsu a ƙuntace take. Madabod ɗinsu zubi ɗaya ko biyu kawai yake karɓa, fawa-fak ɗinsu, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, ƙarami ne, da yawa kuma filoginsa na musamman ne, ba ya yarda da na kasuwa. Siririn akwatin nan ba ya ɗaukar babban katin hoto, sai gajere. A irinsu, canjin da ke da ma'ana shi ne daga Pentium, Celeron ko i3 mai kor biyu zuwa i5 ta zubi ɗaya, tunda tsofaffin i5 sun yi araha. Daga i5 zuwa i7 a tsohon zubi kuwa, ni ban ga riba ba. Masu sayarwa sun san ita ce ƙololuwar abin da soket ɗin ke ɗauka, sai su tsawwala, ka biya kuɗi mai kauri ka samu ƙarin da ba za ka ji a jikinka ba.

Mataki na huɗu: maganar Windows 11

Wannan ya canza lissafin gaba ɗaya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma a hukumance tana son Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000, tare da sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Ryzen ta farko ba ta ciki, haka 2200G da 2400G duk da lambarsu. Na san akwai dabarun tsallake wannan shinge, masu gyara suna yi kullum, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba. Wanda ke shiga asusun banki ko riƙe bayanan kwastomomi a kwamfutarsa ya yi tunani. Saboda haka duk abin da ke ƙasa da zubi na 8, ba na ba da shawarar a zuba masa kuɗi sama da na SSD da RAM. SSD ɗin ma ba asara ba ne, gobe za ka ɗauke shi zuwa sabuwar kwamfuta. DDR3 kuwa tare da tsohuwar zai tsufa.

Mataki na biyar: zaɓi gwargwadon aikinka

Idan ya tabbata madabod ɗinka ba shi da sauran gaba, to ba furosesa kaɗai za ka saya ba. Abu uku ne, furosesa da madabod da RAM, wani lokacin har da fawa-fak da akwati. Ka haɗa kuɗinsu duka a takarda kafin ka kwatanta, don farashin furosesa shi kaɗai yaudara ne. Ba zan faɗi farashi a naira ba, tunda da dala yake tashi ya kwana.

Mai shagon buga takardu, rajistar jarabawa, Word da Excel, da ɗan CorelDRAW na katin biki: kada ka harhaɗa komai. Nemi tsohuwar ta ofis mai zubi na 8, irin OptiPlex 3060 ko 7060, ko EliteDesk 800 G4, da i5-8500 mai kor shida. Ko i3-8100 ma ta isa, don daga zubi na 8 ne i3 ta koma kor huɗu. Ka tabbatar da SSD da RAM gigabait 8 ko 16, shi ke nan.

Wanda ke son sabuwa fil kuma ba shi da kuɗin katin hoto, takarar tsakanin biyu ce: i3-12100 a kan madabod H610, ko Ryzen 5 5600G a kan B450, A520 ko B550. Ta Intel kor huɗu ce amma kowanne da zafin nama, ta fi saurin amsawa a ayyukan yau da kullum da Photoshop. Ta AMD kor shida ce da layin aiki goma sha biyu, kuma sashen hotonta ya fi ƙarfi sosai, har za ka buga GTA V ko wasannin ƙwallo idan ka sassauta ingancin hoto. Sharaɗinta ɗaya: a sa mata RAM sanda biyu, misali 8 da 8, ba 16 guda ɗaya ba. Sashen hoton nata daga RAM yake aron wuri, sanda ɗaya na rage masa hanya da rabi. Mutane da yawa sun zagi 5600G alhali laifin sanda ɗaya ne.

Mai katin hoto a hannu, ko mai niyyar buɗe gidan gem, shi ne zai kalli i3-12100F, Ryzen 5 5500, Ryzen 5 5600 da i5-12400F. A tsakanin 5500 da 5600 sunan ya yi kusa amma cikin ya bambanta. 5500 a haƙiƙa 5600G ce da aka kashe wa sashen hoto, ma'ajiyarta ta kusa megabait 16 ce, ta 5600 kuma 32, kuma wasanni suna jin wannan bambancin. Sannan hanyar da 5500 ke magana da katin hoto ta tsaya a PCIe 3.0, wanda ke tauye ƙananan katuna irin RX 6400 da RX 6500 XT. Idan tazarar kuɗin ba ta da yawa, ka daure ka ɗauki 5600. Ni a wurina ita da i5-12400F su ne iyakar abin da za a kira araha da mutunci.

Masu tace bidiyo, na biki ne ko na fim, ga abin da ba a cika gaya muku ba. Furosesar Intel marar F tana da wani sashe mai suna Quick Sync da ke taimakawa wajen buɗewa da fitar da bidiyo, Premiere Pro na amfani da shi. Ɗan rarar da za ka samu a kan F ba ta kai asarar wannan ba. Ga kuma wata fa'ida: ranar da katin hotonka ya mutu, ka zare shi ka ci gaba da aiki.

LGA 1700 na da madabod iri biyu, mai DDR4 da mai DDR5, kuma ba sa musanya. Mai neman sauƙi ya ɗauki na DDR4, musamman idan yana da shi a tsohuwar kwamfuta. Sabon soket ɗin AMD, AM5 na 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa, shi ya sa jimillar kuɗinsa ke fita daga layin araha, ko da yake shi ne mai sauran tafiya a gaba.

Kada a manta da wuta. Wanda ke kan inbata ko sola, kowane wat kuɗi ne. Tsohuwar i5-2400 an rubuta mata wat 95, su 5600 da 12400 wat 65, yawancin masu T kuma 35. Wannan lamba ba ita ce ainihin abin da kwamfutar gaba ɗaya ke ja ba, amma tana nuna inda aka dosa. Katin hoto shi kaɗai yana iya shan abin da ya fi na furosesa.

Mataki na shida: a wurin ciniki

Furosesa ba ta cika mutuwa ba, don haka sayen ta hannu ba abin tsoro ba ne. Abin tsoron sayen gaibu ne. Ka ce a ɗora ta a madabod a gabanka, a kunna, a buɗe CPU-Z, ka ga sunan da ya fito ya yi daidai da na jikin murfin, domin ana goge rubutu a sake bugawa. A bar ta ta yi aiki mai nauyi na minti goma kana kallon zafi. Ryzen ta AM4 ƙafafunta a jikinta suke, ka juya ta ka duba a haske, kada a samu lanƙwasasshe ko karyayye. A Intel ƙafafun a cikin soket ɗin madabod suke, can za ka haska. Ka tambaya ko da fanka, don wadda ta zo a kwalinta irin 12100, 5500, 5600 da 5600G tana zuwa da fankarta, wadda aka kawo tsirara kuwa sai ka saya daban. A rubuta maka kwanakin gwaji a jikin rasit.

Mataki na bakwai: ɗorawa

Kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri tukuna. Idan BitLocker, makullin da Windows ke sa wa fayiloli, na kunne, nemo mabuɗin ceto ka rubuta a takarda, ko ka dakatar da shi, don canjin furosesa kan sa Windows ta nemi mabuɗin, kuma in babu shi an rufe ka a waje da kayanka.

Idan ana buƙatar sabon BIOS, ka sabunta shi tun tsohuwar furosesa na ciki. Ka cire ta kafin haka, sabuwar ba za ta tashi ba, sai ka sake mayar da tsohuwar. Kuma don Allah kada ka yi wannan a kan wutar NEPA tsura. A jona da UPS ko inbata. Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta BIOS na iya mayar da madabod kwano.

Bari kwamfutar ta yi aiki na ɗan lokaci don man ya yi laushi, sannan ka kashe, ka zare waya daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tartsatsi in an taɓa ƙofa. Kwance fankar, ka ɗan murɗa ta hagu da dama kafin ka ɗaga. A AM4 idan ka fizga kai tsaye, furosesar kan biyo fankar ta fito da ƙafafu a lanƙwashe.

Ɗaga ɗan sandan soket, cire tsohuwar ta gefe-gefe. A kusurwa ɗaya ta sabuwar akwai ɗan alama mai kusurwa uku, akwai irinsa a soket, ka daidaita su. Da kanta za ta faɗa wurinta. In ba ta zauna ba, ba ka daidaita ba ne, ɗaga ka sake, kada ka danna. Mayar da sandan. Goge ƙasan ƙarfen sanyaya da auduga da sifirit, ka ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake a tsakiyar furosesa. Sabuwar fankar kwali ta riga ta zo da nata a shafe, ba sai ka ƙara ba. Ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan ta daura da ita, har su kama daidai. Jona wayar fanka a inda aka rubuta CPU_FAN.

Tashin farko yakan ɗau lokaci, wataƙila ta mutu ta sake tashi sau ɗaya ko biyu, kada ka firgita. A madabod ɗin AMD saƙo na iya fitowa yana tambaya ko a sake saita fTPM, wato TPM ɗin da ke cikin furosesar, idan mabuɗin BitLocker na hannunka ko ba ka kunna shi ba, ka danna Y. Idan fankoki na juyawa amma allo baƙi ƙirin, duba inda ka jona wayar allon: furosesa marar sashen hoto, wayar a jikin katin hoto take shiga, ba a madabod ba. In ba nan ba ne, zare RAM ka sake danna shi har ya yi ƙara. Da Windows ta buɗe, koma Task Manager ka ga sabon suna da adadin kor, sannan ka buɗe fayil ɗin nan da ya sa ka fara wannan tafiya, HWMonitor na gefe kana kallon zafi.